Aikin Rage Tumbi Saboda Ƙiba: Amfaninsa da Abin da Ke Biyo Baya

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wata takarda da ta zo mana daga Argungu. Wata baiwar Allah ce ta aiko, mai sayar da shinkafa, uwar 'ya'ya 5. Ta ce nauyinta kilo 118, tsawonta mita 1.6, tana da ciwon sukari da hawan jini, gwiwoyinta kuma sun hana ta salla a tsaye. Ɗanta da ke aiki a Abuja ya ce zai biya kuɗi a yi mata aikin rage tumbi. Tana tambaya, ta yarda ko kuwa kada ta yarda?

To, Hajiya, yarda ko ƙi tsakaninki ne da likita. Nawa shi ne in aza muku amfanin a gefe guda, haɗarin a gefe guda, ke da sauran masu wannan tambaya, ku auna da kanku.

WA YA KAMATA A YI WA?

Ba kowane mai teɓa ake yi wa wannan aiki ba. Likitoci suna da lissafi. A auna nauyin mutum da kilo, a raba da tsawonsa, abin da ya fita a sake raba shi da tsawon. Na Hajiya ke nan, 118 a raba da 1.6 sau biyu, ya ba da 46. Daga 18 da rabi zuwa 25 shi ne daidai. Daga 30 an shiga ƙibar da ake lissafa ta cikin cuta. A shekarar 1991 likitocin Amurka suka tsai da cewa a yi aikin ga wanda ya kai 40, ko 35 in yana da wata cuta kamar ciwon sukari. A 2022 manyan ƙungiyoyin masu wannan tiyata suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari. Kun ga ke nan wannan magani ne na marar lafiya, ba abin gyaran jiki domin biki ba ne.

YADDA AKE YIN SA

Yawanci ba a tsaga ciki da faɗi. Akan sa mutum barci, a huda cikinsa wuri 4 ko 5, a zura madubi mai fitila da ƙananan kayan aiki. Iri biyu ne aka fi yi.

Na farko, a yanke wajen kashi 4 cikin 5 na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Yankin da aka fitar shi ne ke yin yawancin sinadarin da ke sa jin yunwa, saboda haka marmarin abinci yakan ragu. Amma fa abin da aka yanke ya tafi ke nan, ba ya tsirowa, ba a mayar da shi.

Na biyu, a ware ɗan aljihu a saman tumbi, bai fi ƙwan kaza girma ba, a haɗa shi da hanji can gaba. Abinci sai ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Wani likita, Edward Mason, na Jami'ar Iowa a Amurka, shi ya fara irin wannan wajen 1966.

AMFANINSA

Amfaninsa babba ne, ba na ɓoye muku. Cikin shekara 1 zuwa 2 mutum yakan zubar da wajen kashi 1 cikin 4 na nauyinsa, wani har kashi 1 cikin 3. Ga Hajiya, kilo 30 ko fiye ke nan, watau ta sauke fiye da rabin buhun shinkafa da take ɗauke da shi dare da rana. Gwiwa takan huta, minshari da sarƙewar numfashi cikin barci su ragu, hawan jini ya sauka.

A ƙasar Suwidin, tun 1987 aka fara bin mutum wajen 2,000 da aka yi wa aikin, da wasu wajen 2,000 masu irin ƙibarsu da ba a yi wa ba. Cikin masu ciwon sukari da aka yi wa aiki, 7 cikin 10 ciwon ya kwanta musu bayan shekara 2. Amma da aka kai shekara 15, sai 3 cikin 10 kaɗai suka rage a haka. A 2020 aka bayyana cewa waɗanda aka yi wa aikin sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da wajen shekara 3, ko da yake ba su kamo sauran jama'ar ƙasar ba, an fi su da wajen shekara 5 da rabi. Rai na Allah ne, amma lissafin likitoci ke nan.

HAƊARIN KUSA

Kowace tiyata da haɗarinta. Ɗinki yana iya yoyo cikin ciki, jini yana iya zuba, ko gudan jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya wuce huhu. A asibitocin da suka ƙware, cikin mutum 1,000 akan rasa 1 zuwa 3 a watan farko. Inda hannu bai saba ba kuwa, abin ya fi haka.

HAƊARIN NESA

Nan ne nake so ku kasa kunne sosai, domin nan ne ba a cika faɗa ba. A 1954 aka fara wani irin aiki a Amurka na tsallake yawancin hanji. Mutane suka rame, aka yi ta murna. Sai bayan shekaru aka ga hanta na lalacewa, wasu har suka rasu, daga baya aka bar yin sa. Na yanzu ya fi wancan lafiya nesa ba kusa ba, amma darasin yana nan: ba a ranar sallama ake sanin ƙarshen aikin tumbi ba.

Na ɗaya, ƙarancin jini da raunin ƙashi. Farkon hanji nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini, da na alli mai gina ƙashi. Tumbi kuma shi ke yin abin da ke sa bitamin B12 ya shiga jiki. In aka rage su, tilas mutum ya sha ƙwayoyin bitamin kullum har iyakar ransa, wani ma sai da allura. Wanda ya bari, sai kasala, da haki, da mutuwar tafin ƙafa, da mantuwa. Mai yawan amai bayan aiki kuwa bitamin B1 na iya ƙare masa cikin 'yan makonni, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Na biyu, ci da sha. Bayan aiki, makonni ne na ruwa-ruwa, sa'an nan mai laushi. Ko an warke, malmalar tuwon shinkafa guda ta yi yawa. Loma kaɗan, a tauna da kyau, a fara da kifi, ko ƙwai, ko wake, ko nama, kafin tuwo. Mu nan Allah ya hore mana kifin Rima, wannan sa'a ce. Fura mai sukari da lemon kwalba suna iya kawo jiri, da zufa, da bugun zuciya, da zawo, musamman ga mai aiki iri na biyu. Ruwa ma ba a kwankwaɗa, sai kurɓi-kurɓi duk yini, ba kuma tare da abinci ba. Ku tuna zafin bazara na Birnin Kebbi: wanda ba ya iya shanye moɗa guda, ƙishirwa takan kai shi gadon asibiti. Azumi ma likitoci kan ce a dakata har jiki ya daidaita, shari'a kuwa ta yi wa marar lafiya rangwame.

Na uku, cututtukan da kan biyo baya: tsakuwa a matsarmama saboda saurin ramewa, ƙwarnafi da zafin ƙirji ga mai aiki iri na farko, murɗewar hanji ga mai iri na biyu ko bayan shekaru. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da muke saye a kemis ba tambaya, suna iya jawo gyambon ciki. Haka taba. Mace mai haihuwa kuma ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Fata takan saki. Wanda ya koma tsohon cinsa, wani sashi na ƙibar yakan dawo.

KAFIN A TASHI

Masu neman wannan aiki daga wajenmu sukan tafi Abuja ko Ikko, wasu Masar ko Indiya. Likitan da ya yi aikin zai zauna can, ku ne za ku komo gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a biya ko kwabo, a sami amsar waɗannan:

1. Wane iri za a yi mini, kuma mutum nawa likitan ya yi wa irinsa?
2. In na komo, wane likita zai riƙa duba ni?
3. Ina za a riƙa gwada jinina, sau da yawa a shekarar farko, sa'an nan kowace shekara?
4. Wa zai sayi ƙwayoyin bitamin bana, da baɗi, da shekara 20 masu zuwa?
5. Mutanen gidana sun gane cewa ƙin cika ciki ba raina girki ba ne?

A fara zuwa Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya, ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, a auna nauyi da jini da sukari, a buɗe kati. In da bukata, su za su tura mutum gaba, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko wani wuri. A tambayi likita kuma game da allurar rage ƙiba ta mako-mako, ko da yake tana da tsada, in an bari kuma nauyi yakan dawo. Wanda aka riga aka yi wa aiki ya riƙa yawo da takardar da ta faɗi irin aikin. In ya ji zuciya na bugu da sauri, ko zazzaɓi, ko matsanancin ciwon ciki, ko amai ba tsayawa, a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Hajiya, bisa ga lissafi kina cikin waɗanda aikin zai iya yi wa amfani ƙwarai, zama da sukari da hawan jini a kan kilo 118 ma haɗari ne babba. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ki gaya wa ɗanki kuɗin tiyata somin taɓi ne. In kun amsa tambayoyin nan 5, ku tafi da ƙarfin zuciya. In ba ku amsa ba, ku dakata tukuna, ki ci gaba da shan maganinki, ki rage tuwo da mai da sukari, ki riƙa ɗan tattaki da sanyin safiya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.