Daskarar da kitse

Daskarar da kitse, wadda likitoci ke kira kirayolifolisis, hanya ce ta rage kitsen da ke ƙarƙashin fata ta hanyar sanyaya shi da na'ura, ba tare da tiyata ko allura ba. Ana amfani da ita wajen gyaran surar jiki, musamman a wuraren da kitse ke taruwa ya ƙi tafiya duk da motsa jiki da kula da abinci, kamar ƙasan ciki, kwiɓi, cinya da ƙarƙashin haɓa. Sunan ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci uku masu nufin sanyi, kitse da wargajewa. Hanyar ba maganin ƙiba ba ce. Aikinta shi ne rage kaurin kitse a wuri ɗaya da aka zaɓa, kuma nauyin jiki ba ya sauyawa sosai bayan an yi ta.

Tarihi

Tun kafin a ƙera na'urar, likitoci sun lura cewa sanyi yana yi wa kitse lahani fiye da yadda yake yi wa fata. A shekarar 1970 wasu likitoci biyu a Amurka, Epstein da Oren, sun wallafa rahoto kan kumburin kitsen kumatu da ke samun ƙananan yara bayan sun daɗe suna tsotsar alawar ƙanƙara. Daga baya an ga irin wannan kumburi a cinyoyin mata masu hawan doki a lokacin tsananin sanyi.

Wannan ne ya ja hankalin likitocin fata biyu, Dieter Manstein da R. Rox Anderson, na Cibiyar Wellman da ke Babban Asibitin Massachusetts a birnin Boston, wanda ke da alaƙa da makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Harvard. Sun yi gwaji a kan aladu, inda suka sanyaya fatar dabbobin na wani ƙayyadadden lokaci, suka ga kitsen da ke ƙasa ya ragu alhali fatar ba ta lalace ba. An wallafa sakamakon a shekarar 2008.

Kamfanin Zeltiq Aesthetics na jihar Kalifoniya ne ya ƙera na'urar da aka fi sani, mai suna CoolSculpting. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince a yi amfani da ita a kwiɓi a shekarar 2010, a ciki a 2012, a cinya a 2014, sannan a ƙarƙashin haɓa a 2015. A 2017 kamfanin Allergan ya sayi Zeltiq kan kuɗi sama da dala biliyan 2, kuma a 2020 kamfanin AbbVie ya sayi Allergan ɗin. A yau akwai wasu kamfanoni da dama a Turai da Asiya masu ƙera na'urori irin wannan.

Yadda sanyi ke kashe kitse

Kitse yana daskarewa tun sanyi bai kai ga daskarar da ruwa ba. Ana ganin haka a gida: romon nama idan ya kwana a lokacin hunturu, kitsen zai sandare a sama, ruwan da ke ƙasa kuwa yana nan yadda yake. Ƙwayoyin halittar kitse cike suke da mai, su kuwa na fata da tsoka da jijiyoyi mafi yawan abin da ke cikinsu ruwa ne. Saboda haka akwai matakin sanyi da zai raunata ƙwayoyin kitse amma ya bar sauran. Kitsen jarirai ya fi na manya saurin daskarewa, shi ya sa aka fara ganin lamarin a jikinsu.

Ƙwayoyin kitsen da sanyi ya taɓa ba sa mutuwa nan take. Cikin 'yan kwanaki suke fara mutuwa a hankali, ta tsarin da jiki ke bi wajen kawar da ƙwayoyin da suka lalace. Wurin yakan yi kumburi daga ciki, wanda ke kai ƙololuwa bayan kamar mako 2. Daga nan wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye tarkace sukan kewaye matattun ƙwayoyin su kwashe su sannu a hankali. Aikin kwashewar yana ɗaukar wata 2 zuwa 3. Binciken da aka yi a kan mutane bai nuna hauhawar mai a cikin jini ko sauyi a gwajin hanta sakamakon haka ba.

Adadin ƙwayoyin kitse a jikin baligi ba ya sauyawa sosai. Idan mutum ya yi ƙiba ƙwayoyin ne ke kumbura, idan ya rame kuma su tsuke. Daskararwa tana rage adadin ne a wurin da aka yi ta. Sai dai ƙwayoyin da suka rage suna iya kumbura idan mutum ya ƙara nauyi daga baya.

Yadda ake yin aikin

Da farko ma'aikacin lafiya zai duba wurin ya tabbatar kitsen irin wanda za a iya kamawa da hannu ne, sannan ya yi masa alama. Sai a shimfiɗa wani ƙyalle mai jiƙe da sinadari a kan fata domin kare ta daga ƙunar sanyi. Bayan haka a ɗora bakin na'urar, wanda ke zuƙo fata da kitsen zuwa tsakanin faranta masu sanyi. Akwai kuma baki mai faɗi da ake ɗaurawa ba tare da zuƙa ba, ga wurare irin su gefen cinya.

Sanyin farantan yakan kai kimanin digiri 10 zuwa 11 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyas, kuma ana barin na'urar na minti 35 zuwa awa 1 ko ɗan fiye da haka, gwargwadon wurin da irin bakin na'urar. A mintunan farko mutum zai ji jan fata da zafin sanyi, daga baya wurin ya daina jin komai. Ba a sa mutum barci, kuma yana iya karatu ko duba waya. Idan an cire na'urar, wurin yakan yi tauri kamar curin man shanu, sai a murza shi na kamar minti 2. Mutane da yawa sun ce murzawar ce ta fi zafi a duk aikin. Yawanci ana komawa harkokin yau da kullum a ranar.

Sakamako

Nazarce-nazarcen da aka wallafa sun nuna cewa zama ɗaya yana rage kaurin kitsen wurin da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, kodayake wasu sun samu ƙasa da haka. Ana fara ganin sauyi bayan makonni kaɗan, cikakken sakamako kuma bayan wata 2 zuwa 4. Wasu kan maimaita aikin a wuri guda domin ƙarin raguwa.

Hanyar ta fi dacewa da mutumin da nauyinsa yake kusa da daidai, amma yana da taruwar kitse a wani wuri. Ba ta kaiwa ga kitsen da ke can cikin ciki kewaye da hanji da hanta, wanda shi ne ke da alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Don haka mai tumbi mai tauri, wanda kitsensa yake bayan tsokar ciki, ba zai amfana da ita ba. Haka kuma ba ta maye gurbin rage cin abinci da motsa jiki.

Illoli

Illolin da aka fi gani masu wucewa ne: jan fata, kumburi, taruwar jini a ƙarƙashin fata, ƙaiƙayi da rashin jin taɓi a wurin, wanda kan ɗauki makonni. Wasu kan ji ciwo mai suka bayan 'yan kwanaki, musamman a ciki, ya lafa daga baya. Idan na'urar ba ta da inganci ko ba a sa ƙyallen kariya daidai ba, sanyin yana iya ƙona fata ya bar tabo. A fata mai duhu irin wannan ƙuna takan bar baƙin tabo da ke daɗewa. Haka ma ƙoƙarin kwaikwayon aikin a gida da ƙanƙara yana ƙona fata ne kawai, domin babu abin da ke daidaita sanyin.

Illar da ta fi tayar da hankali ita ce wadda kitsen ke ƙaruwa maimakon ya ragu. Bayan wata 2 zuwa 5, wurin da aka sanyaya sai ya kumbura ya yi tauri, sau da yawa da siffar bakin na'urar. An fara bayyana wannan matsala a mujallar likitocin fata a shekarar 2014, inda aka ƙiyasta tana samun 1 cikin 20,000. Daga baya kamfanin ya ɗaga ƙiyasin zuwa kusan 1 cikin 3,000, wasu likitoci kuma sun ba da rahoton adadi mafi yawa a asibitocinsu. An fi ganinta a jikin maza. Kumburin ba ya tafiya da kansa, kuma rage abinci ba ya taɓa shi. Maganinsa tiyata ce, galibi ta zuƙe kitse, bayan an jira watanni wurin ya yi laushi.

Duniya ta san da wannan illa sosai a watan Satumba na 2021, lokacin da Linda Evangelista, fitacciyar mai tallan kayan ƙawa 'yar Kanada, ta bayyana a shafinta na Instagram cewa ta same ta bayan an yi mata aikin, kuma ta sa ta janye daga sana'arta. Ta kai ƙarar kamfanin Zeltiq tana neman diyyar dala miliyan 50. A watan Yuli na 2022 ta sanar cewa sun sasanta.

Waɗanda bai kamata a yi wa ba

Ba a yi wa masu cututtukan jini da sanyi ke tayarwa, irin waɗanda sanyi ke sa sinadaran jininsu su dunƙule ko jajayen ƙwayoyin jininsu su farfashe. Ana kuma kauce wa mai ƙaba a wurin da za a ɗora na'urar, da mai buɗaɗɗen rauni ko cutar fata a wurin, da mace mai juna biyu. Masu fitar da ƙuraje idan sanyi ya taɓa su, masu matsalar gudanar jini a yatsu, da masu ciwon suga da ya taɓa jijiyoyi suna bukatar shawarar likita tukuna. Mai cutar sikila ma ya kamata ya sanar da likita, domin sanyi yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Sauran hanyoyi

Tiyatar zuƙe kitse tana cire kitse mai yawa a zama ɗaya, kuma likita yana iya daidaita surar da hannunsa, amma tana bukatar allurar kashe zafi ko ta barci da kwanakin jinya, tare da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Akwai kuma na'urori masu kashe kitse da zafi maimakon sanyi, ta hanyar hasken lesa ko igiyar sauti ko igiyar rediyo. Ga kitsen ƙarƙashin haɓa akwai allurar Kybella, wadda FDA ta amince da ita a 2015. Dukkansu ayyukan gyaran sura ne, kuma a mafi yawan ƙasashe inshorar lafiya ba ta biyan kuɗinsu.