Na'ura Ta Iya Kirari, Amma Ba Ta San Saniya Ba

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, yaranmu suka samu sabon abokin talla. Yaro a tiken Maradi zai faɗa wa ƙirƙirarriyar basirar nan dabbar da ke hannu, nan take ta tsara masa labarinta da Turanci, ya tura wa mahauta a Legas ko Kumasi ta WhatsApp.

Abin da amfani, gaskiya. Labari muna da shi, marubuci ne babu: azawak mai nono da jure fari, kuri mai manyan ƙahoni ta tafkin Cadi, balami na layya, ga sunan gida da iyaye suka bar mana. Mai saye in ya san asalin garke ya fi sakin kuɗi.

Sai dai fa na'ura ba ta taɓa buɗe bakin bijimi ta duba haƙora ba. Abin da ba ka faɗa mata ba tana iya ƙagowa: ta ƙara ƙiba, ta rage shekaru, har ta haɗa hoton dabbar da ba a haifa ba. Wannan algus ne, kuma ɓoye aibi a ciniki haramun ne.

Don haka mu ba ta gaskiya zalla, a karanta mana kafin a tura, hoto kuwa na dabbar kanta. Ranar da mota ta sauke kaya, sunanmu za a kira, ba nata ba.

Allah ya sa wa kasuwa albarka, amin.