Taƙaita Kwanakin Shan Magani a Cututtukan Fata

A da, likitoci sukan rubuta wa mai kumburin fata maganin kashe bakteriya na kwana 10 ko fiye. A shekarar 2004, wani nazari da aka gudanar a Amurka ya nuna cewa matuƙar ciwon bai tsananta ba, kwana 5 da kwana 10 sakamako guda suke bayarwa, domin kashi 98 cikin ɗari sun warke a kowane rukuni. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 5. Dalili kuwa shi ne, tsawaita shan magani yana ba ƙwayoyin cuta damar bijire masa, ga kuma ɓarnar kuɗi.

Sai dai wajibi ne malami ya fahimci wani bambanci. A unguwa kamar Badarawa ta Kaduna, uba yakan sayo wa yaro kafso biyu ko uku a kemis, da zarar ƙurji ya lafa a daina. Wannan ganganci ne, domin likita kaɗai ke ƙayyade kwanaki. Idan kumburi ya bazu ko zazzaɓi ya taso, a hanzarta kai ɗalibi asibiti. Makero da ƙazuwa kuwa ba bakteriya ke haddasa su ba, maganinsu daban ne.