Me Ya Sa Kwamfuta Ke Mutuwa Ta Sake Tashi Da Kanta?

Gabatarwa

A wata bazara ina cikin shigar da makin jarrabawar ɗalibai a kwamfutar ofishinmu, sai allon ya yi baƙi ƙirin, na'urar ta sake tashi ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Aikin awa biyu ya salwanta nan take. Kwana uku tana maimaita haka. Da muka bincika, sai muka tarar firosesarta tana gudu fiye da abin da aka rubuta a kwalinta, alhali babu wanda ya umarce ta a cikinmu. Ganin cewa makarantu da dama sun mallaki irin waɗannan na'urori na tebur, na ga ya dace in bayyana wa ɗalibai da malamai yadda wannan matsala ke faruwa, da yadda ake gano tushenta.

Bugun zuciyar kwamfuta

Firosesa ita ce ɗan ƙaramin falle da ke yin duk lissafin kwamfuta. Tana aiki ne bisa wani bugu mai tsari, kamar yadda zuciya ke bugawa. Zuciyar baligi mai hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda. Ita kuwa firosesa, a daƙiƙa ake ƙirga nata. Kwamfutar IBM ta 1981 tana bugawa sau miliyan 4.77 a daƙiƙa, wato megahaz 4.77. Pentium ta farko, wadda ta fito a 1993, tana da megahaz 60 ko 66. Na yanzu kuwa sukan wuce gigahaz 4, wato bugu biliyan huɗu a daƙiƙa.

Idan aka tilasta wa firosesa ta wuce iyakar da maƙeranta suka tabbatar, an yi mata abin da za mu kira ƙarin gudu. Gudun ba ya zuwa kyauta. Domin ta jure shi, sai an ƙara mata ƙarfin wutar lantarki, zafin da take fitarwa kuwa yana hauhawa fiye da ƙarin da aka yi. Alal misali, ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin wuta yana haifar da ƙarin zafi na kusan kashi 21.

Masu nazarin halittu sun san irin wannan. Jikin ɗan Adam yana aiki daidai a digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, idan ya ɗumama sai gumi ya sanyaya shi, idan kuma zafin ya fi ƙarfin gumi sai mutum ya faɗi. Firosesa ma haka take. Yawancinsu idan suka kai digiri 95 zuwa 100 sai su rage gudu da kansu, in hakan bai wadatar ba su yanke aiki gaba ɗaya don kada su ƙone.

Wa ya ƙara mata gudu?

A nan sai mai karatu ya bambance abu biyu. Na farko halal ne, don kuwa tun 2008 kamfanin Intel ya sanya wa firosesocinsa dabarar Turbo Boost, kamfanin AMD kuma ya kawo Precision Boost a 2017. Da waɗannan, firosesa kan ɗaga gudunta idan aiki ya yi nauyi, ta sauko idan ya lafa. Ganin lambar gudu tana hawa da sauka ba alamar cuta ba ce.

Na biyu shi ne abin damuwa. Babban allon da ke ɗauke da kayan cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, yana da wata manhajar tushe mai suna BIOS. Wasu alluna kan zo da zaɓin ƙarin gudu a kunne tun daga masana'anta, ko mai sayarwa ya kunna shi, ko wata manhaja da aka saka ta riƙa yin hakan duk lokacin da aka kunna na'ura. Akwai kuma tsarin XMP, wanda ke ƙara gudun ma'adanar wucin gadi, wato RAM, kuma ba kowace na'ura ke jure shi ba.

Wani lokaci ma laifin daga maƙera yake. A watan Yulin 2024 Intel ya amsa cewa wasu firosesocinsa na tebur na zubi na 13 da na 14 suna jan ƙarfin wuta fiye da kima saboda kuskure a umarnin da ke cikinsu. Kamfanin ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Sai dai gyaran ba ya farfaɗo da wadda ta riga ta illata. Wannan ya nuna cewa jinkiri yana iya jawo asarar da ba ta da magani.

Matakan bincike

Ƙa'idar ɗakin gwaji ce za a bi: a canza abu ɗaya, a lura da sakamako, sannan a wuce gaba. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi magani ba. Kafin komai, a kwafe muhimman ayyuka zuwa wani wuri.

Na ɗaya, a rubuta lokacin da na'urar ke mutuwa. Idan da tsakar rana ne ko yayin aiki mai nauyi, a zargi zafi. Idan ya dace da lokacin da ƙwan fitila ya dusashe ko aka kunna janareta, a zargi wuta. A tsarin Windows, kundin Event Viewer yana ajiye lamba 41 duk lokacin da na'ura ta mutu ba bisa ƙa'ida ba. Lambar tana nuna lokaci ne kawai, ba ta faɗin dalili.

Na biyu, a shiga BIOS, galibi ta danna maɓallin Del ko F2 yayin kunnawa, a maido da komai yadda ya fito daga masana'anta, a kashe XMP da duk wani zaɓin ƙarin gudu. Idan na'urar ta ƙi tashi, a zare wayarta daga soket, a cire ƙaramin batir mai kama da kwabo da ke kan allon, a dakata minti biyar, a mayar. A kuma cire duk manhajar da ke taɓa gudun firosesa.

Na uku, a duba sanyaya. Ƙurar hunturu takan toshe ƙarfen da ke zuƙe zafi daga firosesa, zafin bazara kuma a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. A tabbata fanka tana juyawa, a hure ƙura, a sabunta man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen idan ya bushe. A taɓa jikin akwatin ƙarfe kafin a taɓa kayan ciki, don sauke lantarkin da ke taruwa a jiki lokacin ɗari.

Na huɗu, a gwada RAM da manhaja irin su MemTest86, ko a cire sanda ɗaya a gwada da ɗayar.

Na biyar, a duba akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta. Idan ya tsufa yakan gaza a daidai lokacin da firosesa ta nemi ƙarin wuta. A ari mai lafiya a gwada. Kada ɗalibi ya kuskura ya buɗe wannan akwati, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket. Sitabilaiza da UPS kuma suna kare na'ura daga hawa da saukar wutar gari.

Kammalawa

A tamu kwamfutar abu biyu ne suka haɗu: an kunna ƙarin gudu a BIOS, ƙura kuma ta daskare a kan ƙarfen sanyaya kamar tabarma. Da muka kashe na farko muka share na biyu, ba ta sake mutuwa ba, kuma ba mu sayi ko ƙusa ba. Saboda haka ina kira ga malaman da ke kula da ɗakunan kwamfuta su ajiye littafi kusa da kowace na'ura, a riƙa rubuta ranar da ta mutu, da sa'ar, da aikin da ake yi, da abin da aka canza. Da wannan littafi mai gyara zai fara, kuma ɗalibai za su koyi yadda ake bin diddigin matsala mataki-mataki.