Bandar Kifi A Mutum Biyu

Duk matafiyin da ya bi hanyar Jalingo zuwa Wukari, ya ratsa Mutum Biyu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gassol ta Jihar Taraba, to ya shigo ƙasar kifi. Ga Kogin Binuwai a gefe, ga kuma Kogin Taraba a gaba, wajen Tella.

Amma kifi ba ya jiran mai saye. Wanda aka kamo da asuba, kafin la'asar zafi ya sa ya soma wari. Saboda haka tun kaka da kakanni ake yin banda. Mata kan feɗe shi, su wanke, su shafa gishiri, su lanƙwasa tarwaɗa su soke ta da tsinke, sa'an nan su jera bisa raga. Ba a son wuta mai harshe, sai garwashi da hayaƙi. Haka za a yi ta juyawa, wani lokaci har kwana biyu, sai ya bushe ƙayau. Mai gaggawa ita ke asara: baya ya ƙone, ciki ɗanye, tsutsa ta samu gida.

Abin takaici, a kasuwannin ƙasar nan akwai masu yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya lalace, alhali guba ce ga mai ci. Tsofaffi kuwa, da sun ga ƙwaro, kan hayaƙi suke mai da shi.