Makarantun Kimiyya na Jihar Kano: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

A shekarar 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya biyu na maza, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Dalili kuwa shi ne ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Daga baya aka buɗe ta mata a Taura, wadda ta faɗa Jigawa da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Yanzu akwai ta mata a Garko.

Makarantun na kwana ne. Yaro yakan shiga bayan ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, idan ya ci jarrabawar da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha take shiryawa. Zai yi shekara uku yana karatun lissafi, Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji, sannan ya rubuta WAEC da NECO.

Bayan darasi akwai ƙungiyoyin ɗalibai, kamar ta JETS, inda yara suke haɗa ƙananan na'urori da hannunsu su shiga gasa, da ta muhawara da ta kacici-kacici. A nan yaro yake koyon magana a gaban jama'a.

Ya ku iyayen Dangora, Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, ɗan manomi ma yana iya samun gurbi. Ku tambayi shugaban makarantar yaranku lokacin fitowar fom. Ku rage musu aikin gona da talla kafin jarrabawa, maza da mata duka, domin da sanyin safiya ake kama fara.