Talabijin, Kwamfuta da Ra'ayin Mai Kallo a Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu da ke arewacin Jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiri Jigawa, yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kano ne. Saboda haka tarihin talabijin da na kwamfuta a wannan ƙasa ba ya rabuwa da na Kano, sai dai nisan kimanin kilomita 120 da ke tsakanin Gumel da birnin Kano, da ƙarancin wutar lantarki, da kusanci da iyakar Nijar, sun ba shi wata kama ta daban. Abin da ya fi fitowa fili a cikin wannan tarihi shi ne cewa na'urorin biyu, waɗanda a Turai da Amurka aka ƙera domin amfanin gida guda ko mutum guda, sun shigo nan ne a matsayin kayan jama'a, kuma hakan ya shafi yadda mai kallo yake gina ra'ayinsa da inda ra'ayin yake kaiwa.

Kafin talabijin, mutanen karkara sun san majigi, wato silimar tafi-da-gidanka da hukuma take kawowa a mota tun zamanin Turawa, a kafa farin ƙyalle a filin gari bayan sallar isha'i, a nuna fina-finan noma da tsabta, wani ma'aikaci yana yi wa jama'a bayani da lasifika. An buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe tata a Kaduna cikin 1962, sannan a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa wa Jihar Kano tashar CTV, wadda a yau ake kira ARTV domin tunawa da shi. A ƙetaren iyaka kuwa, Nijar ta fara amfani da talabijin domin koyar da 'yan makaranta tun 1964, kafin ta samu tasharta ta ƙasa, Télé Sahel. Amma kafa tasha daban, kama ta a gida daban, domin saƙon talabijin da ake watsawa daga hasumiya yana raunana gwargwadon nisa, shi ya sa mai akwatin talabijin a gari mai nisa da Kano sai ya ɗaura eriya a kan dogon ƙarfe ko gora, yana juya ta har hoto ya daidaita, kuma inda babu wuta sai a jona wa akwatin batirin mota. Akwati ɗaya ne ke ɗaukar unguwa guda: a fito da shi ƙofar gida, manya a kan tabarma, yara a ƙasa, mata kuma su yi nasu kallon a cikin gidajen da ke da hali.

A irin wannan zama ne aka san wasannin kwaikwayon da suka kafa ma'aunin da masu kallo suke aunawa da shi har yanzu. Akwai Samanja na Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne da ya mayar da rayuwar bariki da Hausar sojoji abin dariya da darasi, akwai Karambana na Ƙasimu Yero daga Kaduna, akwai Karkuzu daga Jos, akwai kuma Kuliya Manta Sabo na Kano da ke kwaikwayon zaman shari'a. Tasirin waɗannan shirye-shirye ya kai ga jama'a sun bar sunayen yanka na 'yan wasan, suna kiransu da sunayen da suke fitowa da su har ƙarshen rayuwarsu. A gefe guda kuma tashar NTA ta Kano ta shafe shekaru masu yawa tana nuna fina-finan Indiya, waɗanda masu kallo suke bin labarinsu ba tare da jin yaren ba, saboda auren tilas da biyayya ga iyaye da rikicin mai kuɗi da talaka abubuwa ne da suka sani a gida.

Mai kallo a wancan zamani ba ya jira shiri ya ƙare kafin ya yanke hukunci, yana faɗin ra'ayinsa da ƙarfi ana cikin kallo, na kusa da shi ya amsa ko ya musanta, washegari kuma a ci gaba da muhawarar a majalisa da tasha da bakin rijiya. Tambayoyin da ake yi sanannu ne: shin wasan yana da ma'ana, wato darasin da za a ɗauka? An kiyaye kunya tsakanin suruki da surukarsa? Ɗa ya ɗaga wa mahaifinsa murya, kuma in ya ɗaga, ya ga sakamako? Hausar da aka yi ta mutane ce ko ta littafi? Wannan nazari ne na gaske, kuma yana da tsauri fiye da yadda 'yan boko suke zato, tunda ana yin sa ne a gaban dattawa da malamai, inda mutum ba ya yaba abin da zai ji nauyin karewa. Rauninsa ɗaya shi ne rashin hanya: wanda yake son tasha ta ji shi sai ya iya rubutu, ya sayi kan sarki, ya kai wasiƙa gidan waya, kuma kaɗan ne suke yin haka.

A daidai shekarun da talabijin yake ratsa ƙasar Hausa, wani sauyi yana faruwa a Amurka. A 1971 kamfanin Intel ya fitar da ɗan guntun silikon da ya tattara aikin lissafin kwamfuta a wuri guda, abin da ya sa na'urar da a da take cika ɗaki, sai gwamnati ko jami'a ko banki ke iya mallakarta, ta fara komawa abin ɗorawa a kan tebur. A watan Janairun 1975 aka tallata Altair 8800 a kan kuɗin da bai kai dala 400 ba, ana aiko ta a warwatse mai saye ya harhaɗa da kansa, ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu, sai makunnai da 'yan fitilu, kuma ma'adanarta ba ta wuce ɗaukar haruffa 256 ba. Domin wannan na'ura ce Bill Gates da Paul Allen suka rubuta wata manhaja, wato jerin umarnin da kwamfuta take bi wajen aiki, suka kafa Microsoft. A 1977 aka fitar da Apple II da Commodore PET da TRS-80, waɗanda ake saye a harhaɗe, sannan a watan Agustan 1981 kamfanin IBM ya fitar da tasa a kan dala 1,565, wadda tsarinta ya zama tushen yawancin kwamfutocin ofis na duniya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne cewa ƙananan kwamfutocin gida na farko sun rayu ne a jikin talabijin. Sinclair ZX81 ta 1981 da ZX Spectrum ta 1982 a Ingila, da Commodore 64 ta 1982 a Amurka, ana jona su ne da akwatin talabijin na gida ya zama allonsu, a kuma adana aiki a kan kaset irin na rediyo. A Ingila ma tashar BBC ce da kanta ta sa aka ƙera kwamfuta mai ɗauke da sunanta, ta kuma fara wani shiri a 1982 domin koya wa masu kallo amfani da ita. Wannan hanya ba ta buɗe wa ɗan Gumel ko ɗan Sule Tankarkar ba, kuma dalilin bai tsaya ga tsada kaɗai ba, ko da yake faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa kayan waje sun fi ƙarfin ma'aikaci. Akwatin da unguwa take jira da magariba ba zai yiwu yaro ɗaya ya keɓe shi yana koyon lissafi ba, kuma wutar da ba ta tsayawa ba ta barin a kammala aikin da ake adanawa a kaset.

Don haka kwamfuta ta shigo ta ƙofar ofis da makaranta da shago. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, amma an fara ne da kwalejojin tarayya, kuma yawancin jama'a sun fara ganin na'urar ne a shagunan buga takardu da suka yaɗu daga shekarun 1990, inda ta maye gurbin tafireta wajen buga takardar neman aiki da katin ɗaurin aure da kundin kammala karatu na ɗalibai irin na Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ko a nan ma Hausa ta gamu da cikas, saboda kwamfutocin farko ba su da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a buga takarda a bi ta da biro ana lanƙwasa su, har Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro jerin haruffan kwamfuta masu ɗauke da su cikin shekarun 1990. Jigawa kuma ta yi wani yunƙuri da ya ba mutane mamaki a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, lokacin da aka kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure cikin 2001 tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo, aka kuma kafa kamfanin intanet na Galaxy a Dutse. An yi ta muhawara kan ko jihar manoma da ke fama da ƙarancin ruwa da azuzuwa ta dace da irin wannan buri, amma samarin da suka koyi sana'ar sun amfana, kuma da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sai ta tabbata cewa ɗan ƙauyen da bai taɓa taɓa madannai ba an bar shi a baya tun kafin ya karanta tambaya ta farko.

Fim ɗin Hausa na bidiyo shi ne mahaɗar tarihin biyu. An fitar da Turmin Danya a Kano cikin 1990, kasuwar kaset ta bunƙasa, sannan mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999 ta ba masu kallo shafin wasiƙu da suke yabo da suka a cikinsa. Da kwamfuta ta yi araha, sai ta zama wurin tace hoto da haɗa sauti, daga baya kuma ta zama jarin masu tura fina-finai, wato samarin da ke zama da kwamfutar hannu a tasha ko kasuwa suna zuba wa mutane fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a memori a kan kuɗi kaɗan. A babbar kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, inda fatake daga ƙasar Damagaram suke haɗuwa da na Kano da na kudancin Nijeriya, irin wannan ciniki yana sa shiri ya tsallaka iyaka ba tare da eriya ba. Layukan wayar salula sun fara aiki a Nijeriya a 2001, kuma wayar zamani da ke aljihun manomi a yau kwamfuta ce cikakkiya, wadda ta fi Altair ƙarfi nesa ba kusa ba. Ita ce kwamfuta ta farko da yawancin mutanen wannan yanki suka mallaka su kaɗai.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 ta tauraron ɗan'adam, ta dawo da al'adar jiran shiri mako-mako da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, sannan shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So suka samu gindin zama a YouTube daga 2020. Yanzu mai kallo yana iya rubuta ra'ayinsa cikin minti guda mai shiri ya gani, kuma an ga ƙarfin wannan lokacin da aka sauya jarumar da ke fitowa a matsayin Sumayya a Labarina, inda muhawara ta cika kafafen sada zumunta. Ma'aunin bai sauya sosai ba, har yanzu tarbiyya da sutura da jan labari fiye da kima su ne abin ƙorafi.

Sai dai ra'ayin da ake ƙirgawa ba shi ne ra'ayin kowa ba. YouTube yana ƙirga wanda ya kalla ta intanet ne kawai, don haka idan mai tura fina-finai a Gagarawa ya sauke shiri sau ɗaya ya zuba wa mutane da dama, su kuma suka kalla tare da iyalansu, duk wannan taro ba ya bayyana a alƙaluman da mai shiri da mai talla suke dubawa. Wanda ke da kuɗin data da sabis mai ƙarfi da iya rubutun boko shi ake ji, kuma galibi ɗan birni ne, abin da yake taimakawa wajen karkatar da labarai zuwa manyan gidaje da motoci, a bar manomin riɗi da makiyayi da matar karkara a matsayin abin dariya ko abin tausayi. Hukuncin abin da ya dace a nuna ma ana yanke shi ne a Kano, a Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, alhali ɗan Jigawa da zai kalli sakamakon ba ya cikin jihar da hukumar take yi wa aiki.

Gidan talabijin na Jigawa da gidan rediyon jihar da ke Dutse suna da damar cike wannan giɓi, ta hanyar kai makirfo gidajen kallo da kasuwanni da tsangayu da zaurukan mata a ƙasar Gumel, a ji abin da mutane suke faɗa da bakinsu game da abin da ake nuna musu. Ya kamata kuma malamai da ɗaliban sashen Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel su naɗi bayanan dattawan da suka ga majigi da akwatin farko da tafireta da kwamfutar farko a garuruwansu, tun suna raye.